Dokar da Ta Kashe Alassan Dogo

A Gaya, in ka tambayi gidan Zakariya'u za a ce maka wanne. In ka ce Zakari Ba-Gogewa, ko mai sayar da ƙanƙara a bakin kasuwa za ta nuna maka da haɓa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana cike takardun kaya a buron wani tiranziter kusa da gadar kan iyaka, wato ofishin masu shiga tsakanin 'yan kasuwa da duwan, ma'aikatan kwastan, kuma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa ganin ya goge harafi ɗaya ba. In ya yi kuskure sai ya ajiye takardar gefe, ya ɗauko sabuwa, ya faro daga sama. Shoferori, wato direbobi, na tsaye rana na dukansu, suna cewa, "Malam Zakari, sifiri ɗaya ne hwa, ja layi bisa kai mu tahi." Sai ya dube su ta saman tabarau kamar sun ce ya sato akuyar liman, ya ci gaba da rubutunsa a hankali.

Ubansa Bagobiri ne mai sayar da goro da ya sauka Gaya da niyyar kwana biyu, ya mutu a nan bayan shekara arba'in. Shi ne ya sa Zakari a lakwal, wato makarantar boko. Ya kai aji uku na kolej uban ya rasu, karatu ya tsaya, amma ya fito da Faransanci mai kyau da kuma imani guda wanda bai taɓa girgiza ba: abin da aka rubuta aka buga wa tampo, wato hatimi, ya zama gaskiya. Matarsa Zalika takan ce da ita takarda ce da ta ji daɗin aure fiye da haka, don ko takardar da ta lalace Zakari ba ya yarwa, ninkewa yake ya adana.

A shekarar 2004 aka kwance wata dilar gwanjo da ta taso daga Kwatano, aka sami littafi a tsakiyar riguna. Bangonsa ya yage, shafukan farko babu, akwai hoton wani ƙaton ƙadangare mai fukafukai yana fitar da wuta ta baki. Mai dilar zai ba mai ƙosai ta naɗe kaya da shi, Zakari ya karɓa. Sati uku yana karantawa kafin ya gane wasa ne, kuma wasan da bai taɓa jin irinsa ba. Ba allo, ba kati, ba wanda ya ci ko aka cinye. Mutum ɗaya ne ke ba da labari, sauran kowa ya ƙirƙiri wani mutum ya zama shi. Ka faɗi abin da mutuminka zai yi, a jefa ƙuri'a, ƙuri'ar ta ce ya yi nasara ko ya kwashi kashinsa a hannu. Abin da ya kama zuciyar Zakari ba labarin ba ne. Dokokin ne. Shafi ɗari biyu na dokoki, kowace da lambarta!

Ƙadangaren dai Zakari ya kore shi daga wasan tun a ranar. Ya ce wanda ya san hanyar Kwatano da damina ba ya bukatar a aro masa dodo daga ƙasar Turawa. Ya sayi kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango irin na 'yan lakwal, ya rubuta nasa wasan da alƙalamin bik: babbar motar kamiyo, lodi, rami, birki da ya tsinke a gangara, masu tare hanya, saniyar da ke kwance tsakiyar kwalta ta ƙi tashi. Ya sa masa suna Hanyar Kwatano. Sannan ya nemi mutum uku da za su zauna da shi ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidansa kowace Asabar, daga la'asar zuwa magariba.

Akwai Bibata, mai tuwo a tashar manyan motoci, wadda take wasa da 'yar kasuwa, ta yanzu sunanta Hajiya Zuhura. Akwai Abduljalil tela, mutum mai tsoro, wanda makaniken da yake wasa da shi ke ɓuya ƙarƙashin mota duk lokacin da aka ji motsi. Sai kuma Sumana.

Sumana Bazabarme ne, shofer na gaske, wanda ya fi sanin ramukan hanyar Kwatano fiye da sunayen jikokinsa. Da yake Bagobiri da Bazabarme abokan wasa ne, tun suna samari bai taɓa kiran Zakari da sunansa ba, sai "bawana". Ranar farko da aka ce kowa ya ƙirƙiri mutum, an ce masa yana iya zama sarki, ko attajiri, ko duk abin da ransa ke so. Ya yi dogon tunani, ya ce shofer. Ya raɗa masa Alassan Dogo. Zakari ya ce, "Ka yini cikin mota, ka zo hutawa kuma ka shiga mota?" Sumana ya ce tasa motar ta maigida ce, ta Alassan kuwa tasa ce ta kansa.

Kaye na farko bala'i ne, kowa ya yarda da haka ban da wanda ya rubuta shi. Kowace taya tana da takardarta. Kafin mota ta tashi sai an lissafa nauyin kaya buhu-buhu, an cire nauyin shofer, an ƙara na tulun ruwa. Tafiya ɗaya daga tashar jirgin ruwan Kwatano zuwa Paraku ta cinye musu Asabar goma sha huɗu, abin da Sumana ke yi a yini guda da mota mai ciwon injin. Ga shi ba su da abin jifa irin na littafin, sai Zakari ya samo wuri bakwai, ana watsawa ana ƙirga waɗanda suka kife. Ba a yi wata biyu ba wata tsohuwa ta zo ta durƙusa gefen tabarma, ta jira aka watsa, ta tambaya a hankali ko tunkiyarta da ta ɓace tana raye. Sati na gaba mata uku ne. Da labari ya kai masallaci cewa Zakari ya fara duba, sai ya kwashi kaye ya kai wa liman, ya karanta masa dokoki tun daga ta ɗaya. A ta goma sha bakwai liman ya ɗaga hannu ya ce ya gamsu, wannan ba duba ba ne, ba caca ba ce, wahala ce kawai.

Haka aka sami kaye na biyu. Zakari ba zai goge dokar wuri ba, don haka ya ajiye shuɗin kaye gefe ya sayi ja, ya faro daga sama. Wuri ya tafi, ɗan lido mai ɗigo shida ya zo. Tun daga nan kowane ɗan wasa yake da dokar da ya fi so, kuma suna iya yini suna gardama a kai kamar masu gardamar kokawa.

Bibata takan ce duniya ta gyaru ranar da aka shigo da dokar baki. A da, in masu tare hanya suka fito, ƙarfi kawai ake jefawa, Hajiya Zuhura kuwa ba ta dambe. Bibata ta ce wa Zakari, "Kai ka taɓa ganin 'yar kasuwar Gaya ta kai hannu? Baki muke kaiwa." Aka rubuta cewa wanda ya iya magana ana ƙara masa ɗigo biyu. Daga ranar Hajiya Zuhura ba ta sake rasa ko tsinke ba, har akwai ɓarawon da ya tare ta ya ƙare da ɗaukar mata kaya zuwa mota.

Abduljalil shi dokar kiran salla ce tasa, ta kaye na uku, wadda ta ce duk jifar da ta faɗi bayan ladan ya fara kira ba ta ƙirguwa. An yi ta ne don kada wasa ya shiga lokacin magariba. Amma telan nan, in makanikensa ya shiga uku rana ta yi ja, sai ya kama girgiza ɗan lido a hannu, yana tari, yana gyara zama, yana tambayar lafiyar iyalin kowa ɗaya bayan ɗaya, kunnensa na masallaci. Sau tara ladan yana ceton makaniken nan bai sani ba.

Ta Sumana ita ce dokar tsohon hannu: shofer da ya yi tafiya goma lafiya yana da damar sake jifa sau ɗaya a kowace tafiya. Ya ce ita kaɗai ce dokar da ke nuna wanda ya rubuta ta ya taɓa zama kusa da shofer. Da ita Alassan Dogo ya tsallake gadar da ruwa ya cinye, ya sauko gangara ba birki, ya kai lodin albasa Kwatano ba ko ɗaya da ta ruɓe, wanda duk mai hankali ya san wannan ya fi na gangarar wuya.

In aka tambayi Zakari tasa, sai ya gyara tabarau ya ce doka ta tara, don ita kaɗai ce ba ta taɓa canzawa ba. Layi ɗaya ce: wanda ya mutu ya mutu. Makaniken Abduljalil na yanzu shi ne na huɗu. Bibata ta binne 'yan kasuwa biyu kafin dokar baki. Alassan Dogo ne kaɗai ya rayu tun kaye na farko, shekara goma sha tara.

A cikin shekarun nan ne yanar ido ta kama Sumana. Wata safiya kusa da Kandi ya ga inuwa a kan kwalta, ya bi ta kai, ashe inuwar jaki ce da jakin a cikinta. Jakin ya tsira da ɗingishi, amma Sumana ya kawo motar Gaya, ya miƙa makulli, bai sake hawa ba. Daga nan ko ɗigon ɗan lido ba ya gani. Shi ke jifa, Zakari ya karanta masa. 'Yarsa Rahinatu, wadda ke aure a Dioundiou, ta yi ta zuwa tana roƙon ya koma wurinta ta kula da shi. Shekara huɗu amsarsa ɗaya ce: "Ba yanzu ba, Alassan na da lodi." Ranakun da ba Asabar ba yakan je tasha ya zauna benci wurin Bibata, yana ba matasan shoferori labarin Alassan Dogo, ba ya cewa a kaye yake. Har ta kai akwai masu rantsuwa sun wuce shi a hanyar Paraku, dogo ne baƙi, ya ɗaga musu hannu.

Da aka rufe gada a 2023, manyan motoci suka yi layi suka tsaya, kaya da mutane suka koma ƙetarawa da kwalekwale. Zakari, wanda ya riga ya ajiye aiki, ya ce wasan da bai san an rufe gada ba ƙarya yake yi. Ya sayi kaye na huɗu, kore, ya ƙara babi guda a kan kogi: nauyin jirgi, iska, dorina. Ya karanta musu shi duka, shafi goma sha shida, amma wa ke sauraron Zakari in ya wuce shafi na uku?

Ranar da abin ya faru, Alassan ya bar motarsa a Malanbil, hayin kogi, ya shiga kwalekwale da buhunan shinkafa. Tsakiyar ruwa Zakari ya jefa, dorina ta taso. Jirgi ya kife. Hajiya Zuhura ta kama buhu, makanike dama ya ƙi shiga jirgin. Saura Alassan, yana bukatar uku ko fiye ya kai gaɓa. Sumana ya hura wa ɗan lido iska kamar yadda ya saba, ya jefa. Ya gangara ya tsaya jikin gwiwar Zakari. Bibata ta juya tana zuba shayi, Abduljalil na korar kaza. Ba wanda ya gani sai mutum ɗaya.

"Ɗaya," in ji Zakari.

Sumana ya yi dariya. "Tsohon hannu. Ba ni in sake."

"Shahi na goma sha ɗaya. Tsohon hannu na mota ne. Permin tuƙi ba ya aiki cikin ruwa."

"Bawana, bar wasa."

"Na karanta muku. Kai ne ka yi barci."

Abduljalil ya ɗaga kai yana neman ladan, amma rana na sama tukuna. Zakari ya buɗe koren kaye, ya rubuta kwanan wata, ya rubuta cewa Alassan Dogo ya mutu a kogi, ya ɗauko tampon da ya sa aka sassaƙa masa don wasan, ya hura masa, ya buga. Sai da ya ɗago kai ya ga fuskar Sumana. Tsohon ya lalubi sandarsa, ya tashi, ya bar shayinsa da zafi. Bai ce bawana ba. Cewa ya yi, "Sai an jima, Malam Zakariya'u."

Washegari Bibata na zuba tuwo a tasha tana share ido da gefen zane. Wani shofer ya tambaye ta lafiya, ta ce, "Alassan Dogo ne, dorina ta kihe da su jiya." Ita a ganinta kowa ya san ko wane ne Alassan. Kafin azahar tasha duka ta ɗauka. Wani ya ce shekaranjiya suka sha shayi tare a Malanbil. Wani ya ce shi ya koya masa baya da tirela. Da yake ba wanda ya san gidan mamacin, kuma kowa ya san Sumana ne nasa, sai aka nufi gidan Sumana.

Ya yi ƙoƙarin bayani, kada a ce bai yi ba. Ya fito ƙofar gida ya ce, "Jama'a, ba mutum ba ne, cikin kaye yake." Suka dubi juna, suka ce Allah sarki, baƙin ciki ya taɓa tsoho, suka shimfiɗa tabarmi. Matarsa Ajuma, wadda ta san komai, ta ga maƙwabta na shigowa da kwanonin abinci, ta ga kuma mijinta kwana biyu bai sa komai a baki ba, sai ta yanke cewa ko ma wane ne ya mutu, a gidan nan dai an yi rashi. Ta ɗora tukunya.

Zakari ya kulle kansa a ɗaki yana jera tsofaffin kaye. Rana ta uku Zalika ta tsaya bakin ƙofa da hularsa a hannu.

"Malam, tashi ka tahi gaisuwa."

"Gaisuwar wa? Ni na rubuta mutumin nan da bik!"

"Ko da mi ka rubuta shi. An shimhiɗa tabarma ƙohwar abokinka, gari duka ya je, kai ba ka je ba. Kisan za a manta da shi, rashin zuwan nan ba za a manta ba." Ta miƙa masa hular. "Kuma Rahinatu ta zo. Sumana ya ce mata to. Jibi za su tahi Dioundiou, an ɗaure kaya."

Nan Zakari ya zauna bakin gado. Shekara huɗu yana jin wannan amsa ta "Alassan na da lodi" yana ɗaukarta shirmen Bazabarme, bai taɓa lura cewa ita ce igiyar da ta ɗaure Sumana a Gaya ba, ga shi ya sa hannu ya tsinke ta da kansa, har da tampo. Ya ji kunya, ya ji tsoro, don bai san abin da zai yi da Asabar ba in babu mai kiransa bawa. Ya ɗauki koren kaye ya buɗe shafin mutuwar, ya daɗe yana dubawa da idon ma'aikaci. Sannan ya sa hula. A hanya ya tsaya kanti ya sayi sabon kaye, ya zauna kan bencin mai kantin ya yi rubutu na ɗan lokaci.

Ya tarar da ƙofar gidan cike. Liman na nan, ya riga ya faɗa wa mutane shi ba zai yi wa mutumin kaye addu'a ba, amma kogin nan ya ci bayin Allah na gaske tun da aka koma kwalekwale, su ya yi wa, kowa ya shafa. Sumana na zaune jingine da bango, ya rame. Zakari ya durƙusa gabansa ya yi masa gaisuwar da Zabarmawa ke yi wa wanda aka yi wa rashi, "Fonda tilas." Sumana ya amsa ba tare da ya juyo ba.

Sai wani tsohon shofer, Abdoulaye, ya ce, "Yauwa, ga Malam Zakari, an ce yana wurin. Malam, hwaɗa muna yadda aka yi."

Kowa ya juyo gare shi. Shekara goma sha tara duk abin da Zakari ya faɗa game da Alassan shi ne ya faru, Sumana ya sani, Bibata da Abduljalil da ke gefe sun sani. Ya gyara tabarau. Ya ba da labarin shinkafar, da iskar, da yadda dorina ta taso ta gefen hagu, har wani ya ce shi ma ya san dorinar. Da ya kai inda jirgi ya kife sai ya tsaya, ya dubi Sumana.

"Amma ba a ga gawa ba," ya ce.

Sumana ya juyo da kansa a hankali.

"Ba a gani ba," in ji Abduljalil da sauri. "Wallahi ni ina bakin gaɓa, ban gani ba."

Wani masunci da ya zo gaisuwa daga bakin kogi ya ce ai haka ruwan nan yake, akwai wanda ya ɗauka ya kai har iyakar Najeriya, aka tsamo shi bayan kwana uku yana neman taba. Nan take zaman makoki ya rikiɗe gardama. Masu cewa za a gan shi, masu cewa ina, da wani da ya fusata don ya rufe shagonsa ya zo gaisuwar mutumin da ba a tabbatar ba. Abdoulaye ya ce a bari a ji daga masunta tukuna. Kafin la'asar an naɗe tabarmi, an bar Ajuma da tuwon mutum arba'in.

Su huɗu suka rage a zaure. Jakar Sumana na jingine da bango, an ɗaure ta da igiya.

"Doka ta tara," in ji Sumana. "Ka buga tampo, na ji ƙararshi."

"Na buga." Zakari ya buɗe koren kaye. "Amma a buro, takardar asarar kaya ba ta tsayawa sai da sa hannun shaidu biyu da suka gani da ido. Bibata na zuba shayi, tela na korar kaza. Na buga tampo ba shaida. Kuskure ne." Kalmar ta fito masa da ƙyar. "Ka kuwa san abin da nake yi da takardar da ta lalace."

Ya ajiye koren kaye gefe, ya ɗauko sabon. Kaye na biyar doka ɗaya ce a cikinsa tukuna, ya karanta ta a tsaye: wanda ruwa ya ɗauka ba a ga gawarsa ba yana da jifa ɗaya, in ya sami biyar ko shida masunta sun tsamo shi.

"Biyar ko shida?" Bibata ta dafe ƙirji. "Malam Zakari, ba ka da imani! Mi ya hana ka ce biyu?"

"Kogin ya cika," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. Gaskiyar ita ce hannunsa ne ya rubuta abin da ya dace da kogin tun kafin zuciyarsa ta sa baki, kuma da bik ya rubuta.

Ya sa ɗan lido a tafin Sumana. Abduljalil ya leƙa waje ya dubi rana, ya dawo ya zauna, ba ladan ba alamarsa. Sumana ya daɗe riƙe da abin. Bai hura masa iska ba. Ya jefa, ya gangara bisa tabarma, ya tsaya tsakaninsu, inda kowa ke gani sai mai jifar.

Biyu ne. Ɗigo biyu, baƙaƙe, ba wata tantama.

Bibata ta dubi rufin zaure. Abduljalil ya sami wani zare a hannun rigarsa ya kama cirewa. Zakari Ba-Gogewa, wanda shekara talatin da ɗaya ba a taɓa samun lamba ɗaya ta ƙarya a takardarsa ba, ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Shida," ya ce.

Sumana ya miƙa hannu ya lalubo ɗan lidon a inda ya tsaya, bai juya shi ba. Ɗigon ɗan lido ramuka ne ƙanana, kuma wanda ya yi shekara huɗu yana gani da yatsa ba ya bukatar a ƙirga masa. Ya shafa fuskar sama da babban yatsa, sau ɗaya, sau biyu.

"Shida ne kuwa," ya ce. Ya share ido da bayan hannu, ya ɗaga murya. "Ajuma! Ce ma Rahinatu ta kwance jakar ga. Alassan na da lodi a Malanbil, shinkahwar mutane ta jiƙe." Sannan ya juyo. "Rubuta, bawana. Kai ma idon naka ya hwara tahiya, rubuta tun kana gani."

Zakari ya buɗe shafi na biyu, ya sa kwanan wata, ya rubuta shida. Bibata ta sa hannu, Abduljalil ya sa. Ya buga tampo. Ya zauna yana kallon lambar har tawadar ta bushe, bai ajiye takardar gefe ba, bai ɗauko sabuwa ba.